Taku Saba'in na Baba Mode

"Ke Tani, ki ji tsoron Allah! Mutumin da ko kunu ba ya wuce mai maƙoshi za ki ɗora bisa jaki?"

Inna Kulu ke nan, matar maƙwabcinmu Baba Mode, tana tsaye bakin zaure ta riƙe igiyar jakin gam. Na kasa ɗaga ido in dube ta, don gaskiya ta faɗa. Kwanansa goma sha ɗaya kwance. Ni na shiga har ɗakinsa da hantsi, na durƙusa ina kuka, na ce masa Bature ya iso bakin gulbi.

"Sakam mata igiya, Kulu," in ji Baba Mode, muryar kamar daga cikin rijiya. "In ban tahi yau ba, gobe wa za a tambaya?"

"In ya cika bisa hanya, alhakinai na wuyanki," ta ce da ni. Ta saki igiyar, ta yafa zane ta biyo mu.

Ƙauyenmu yana ƙarƙashin tudun Wurno, kakanninmu sun zauna nan tun zamanin ribaɗin jihadi. Tudu namu ne na gero, fadama ta shinkafa da albasa. To a daminar shekarar nan gulbin Rima ya bar hanyarsa ya fasa sabuwa, munka wayi gari fadamarmu ta koma ƙetare. Mutanen can, waɗanda ke bin wani hakimi ta wajen Goronyo, sunka ce gulbi shi ne iyaka, abin da ruwa ya miƙo musu rabonsu ne. Bature kuwa ya zo da takardarsa zai ja layi, kuma kowa ya sani abin da ya zana da jan alƙalami ba ya goguwa.

A cikin fadamar nan akwai 'yar gonar da marigayi mijina Halliru ya bar mani. Shekarar babbar yunwa ɗiya biyu na binne. Ukun da sunka rage, gonar nan ta rayar da su. In ta tafi, na san abin da zan sake gani, kuma wallahi ban iyawa.

Baba Mode kaɗai ya rage cikin waɗanda sunka ga ranar da anka raba iyaka. Dattawan wancan zamani sun san halin gulbi, ba su yarda da shi ba. Sai sunka cika tukunya da gawayi sunka binne ta a ƙasa, don gawayi ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa. Baba Mode ne ya auna wurin da ƙafarsa.

Ɗansa Lauwali, wani dogo kamar tabarya, shi ya riƙe shi bisa jaki har bakin ruwa. Munka shiga jirgi. Duk numfashin da tsohon ya ja sai in tsaya jiran na gaba, ina cewa Allah ka bar mani shi ko zuwa azahar. Sai kuma kunya ta kama ni, don na san saboda gonata nake roƙo.

A ƙetare munka iske jama'a cike. Bature na zaune bisa kujerar ƙarfe, fuska jawur, dogarai biyu bayansa da bulala. Ban taɓa ganin Bature kusa haka ba. Dagacinmu, Abdulƙadiri, rawaninsa har ya karkace don durƙuso.

Tafinta ya ce, "Bature ya ce in kunka ɓata mai lokaci a banza, za ya ja layi yanzu, kuma dagacinku ya bi shi Sakkwato."

Lauwali ya goyo ubansa zuwa gindin wata tsohuwar giginya da ke tsaye ita kaɗai. Nan Baba Mode ya ce a sauke shi.

"Daga giginyar ga, ka ba tudun Wurno baya, taku saba'in. Ni niy yi shi, ni za ni sake."

"Baba, in ɗauke ka mana."

"Mi? A goye aka awon ƙasa?"

Lauwali ya kama shi ta dama, dagaci ta hagu. Ya fara jan ƙafa cikin laka, mu duka muna ƙirga masa. Wajen talatin ya tsaya ya yi tari har na ga jini a gemunsa. Inna Kulu ta dube ni, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar da siɗin goshi anka kai saba'in, ya zube zaune.

Anka kawo fartanya anka haƙa. Kamu ɗaya, kamu biyu, har ramin ya kai ƙugun mai haƙa. Laka ce kawai da saiwar ciyawa.

Mutanen ƙetare sunka sa dariya. Wani ya ce, "Tsuhwa ta cinye tukunyar!" Bature ya ciro jan alƙalaminsa daga aljihu. Ni ko salati na kasa.

Baba Mode na zaune ya miƙe ƙafafu, ya ƙura musu ido. Sai na ji ya yi 'yar dariya.

"Kai, Mode, ka yi wauta. Da ƙahwar tsoho niy yi awo. Rannan ina ɗan ashirin, ba ni takawa sai tsallake." Ya kamo rigar ɗansa. "Lauwali, tsayinka tsayina na. Koma giginya. Ka yi tahiya awa mai zuwa zance, kar ka yi ta mai zuwa biyan haraji."

Tafinta ya juya maganar. Bature ya dubi tsohon, ya dubi agogonsa, ya ɗaga yatsa ɗaya. Sau ɗaya ke nan, ba ƙari.

Lauwali ya koma ya ba tudu baya, ya buɗe ƙafa. Duk munka bi shi muna ƙirga, ni ce gaba. Ya wuce ramin farko tun bai kai arba'in ba. Inda ya cika saba'in wani ɗan kwari ne mai ciyawar jema, tsohuwar hanyar ruwa da ta mutu tun ban zo duniya ba. Shi da kansa ya karɓi fartanyar. Ya sara, ya sara, gumi na zuba. Can sai munka ji ƙwas. Ya sa hannu ya fito da shi baƙi ƙirin, gawayi cike da tafinsa.

Wuri ya kaure da kabbara. Na ga Bature ya tako da kansa ya leƙa ramin, ya ce a kafa turke nan. Ban tsaya jin sauran ba, na kwasa da gudu ina tuntuɓe.

"Baba! An gani! Baba, gonarmu ta tsira!"

Yana nan inda munka bar shi, kansa bisa cinyar Inna Kulu, ta rufe masa fuska da gefen zanenta.

"Rage murya," ta ce. "Ya tahi tun kuna hamsin."

Na durƙusa. Na ce, "Inna, ki yahe mani." Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta daɗe tana kallon jama'ar da ke murna can nesa, ba wanda ya sani tukuna, har ɗansa.

"Je ki kira Lauwali," ta ce. "In an shiga jirgi ki kama mani ƙahwahunai."

Haka munka ƙetaro, sandar mai jirgi tana shiga ruwa tana fita. Ita ta riƙe kai, ni ƙafafun na bisa cinyata, lakar fadama na bushewa a tsakanin yatsunsa tana faɗowa kaɗan-kaɗan cikin zanena.