Miyar da Kalla bai ɗanɗana ba

A tashar Madawa, idan direba ya sauko da yunwa ba ya bin hancinsa, Kalla yake nema. Kalla ɗan kamasho ne, siriri, ga ci kamar gara, kuma bai taɓa tura mutum wurin abincin da bai sa hannu a kwanonsa ba. Idan ya ce tsiren wane na yau ne, to na yau ne. Idan ya ce miyar wance ta kwana, ko ƙanwarsa ce sai ta yi kwantai. Ba shi da gona, ba shi da akuya, wannan bakin ne duk abin da ya mallaka.

A farin shekarar tamanin da huɗu, da ruwan sama ya ƙi, gero ya ƙone a Azarori, surukarsa Hamsatu ta taso ta kafa rumfar tuwo a bayan tasha. To, namiji mai kunya ba ya cin abinci gaban uwar matarsa, balle ya zauna rumfarta yana lasar yatsa. Kalla ko hanyar ba ya bi. Amma kwana goma tsohuwa na mayar da tuwonta gida, matarsa na kuka, zuciyarsa ta karye. Ranar da Ango, direban kamiyo, babbar motar da ke kai siminti Keita, ya tambaye shi inda zai ci, sai ya nuna bayan tasha ya ce can nama yake. Naman kuwa na saniya ne da yunwa ta kayar, kwana uku da yankawa, an danne warinsa da daddawa da barkono.

Ango ya ci ya kama hanya. A wani gangare kusa da Buza ciki ya murɗe Ango, ganinsa ya ɗauke, kamiyo ya kife. Ƙanensa Illa na bisa kaya, buhuna suka danne shi, ba a ciro shi da rai ba.

Ana gama sadakar bakwai Ango ya dawo da rana tsaka, hannu ɗaya a ɗaure, ɗaya riƙe da ƙarfen tayar da mota, danginsa uku a bayansa. Rumfar ya nufa. Ya shuri tukunya, tafasasshiyar miya ta kwarara a ƙafafun tsohuwa, ta faɗi tana birgima. Ya ɗaga ƙarfen, sai ga Kalla a guje ya shiga tsakani.

"Ango, ba ita tak kiraye ka ba. Ni nit turo ka."

"Ka ci da bakinka?" in ji Ango.

Tasha duka ta taru. Kalla ya san idan ya ce ya ci ya ji lafiya, kowa zai yarda, laifi ya koma kan tsohuwa, ita ta canja nama ke nan. Idan ya ce bai ci ba, amanar shekara ashirin ta tafi. Tsoro ya kama shi ƙwarai.

"Ban taɓa ɗanɗanawa ba," ya ce da ƙarfi, don kowa ya ji. "Surukuwata ta. Ƙarya niy yi maka."

Ƙarfen ya sauka a bakinsa. Ya durƙusa yana tofar da haƙora cikin miyar da ta zube, suka rufe shi da shuri, a haƙarƙari, a ƙeya, har ya daina kare kansa. Ba wanda ya raba, don kowa a wurin ya taɓa cin abinci bisa maganarsa. Jandarmomi sun iso bayan an gama.

Sai da ya yi wata biyu kwance kafin ya dawo tasha, baki a lotse, ba ya iya komai sai kunu da fura. Direbobi na yi masa sannu su wuce, ba mai tambayarsa komai, wannan kuwa ya fi ƙarfen yi masa ciwo. Ran nan wani baƙon malamin lakwal, wato makarantar boko, ya sauko daga motar Tawa, ya tsaya gabansa ya ce don Allah ina ake gashi mai kyau a nan. Kalla ya dubi hayaƙin gashin da ke tashi bakin hanya.

"Malam, tambayi mai haƙora," ya ce.