Shafukan Bilyaminu

Duk ranar kasuwar Warra, tun kafin hantsi ya ɗaga, jiragen tsallake ke fara isowa bakin ruwa da kwandunan kifi banda, da awaki, da mata masu daro a ka. A cikin kayan da Baba Dudu mai jirgi ke saukewa akwai wata tsohuwar jakar buhu da ba ya yarda kowa ya ɗaukar masa. Wayoyin mutanen tungarsu ne a ciki. Tungar ba ta da wutar lantarki, don haka kowane gida ke ɗaura wa wayarsa ƙyalle ko zare don shaida, a jefa a jaka, Dudu ya kai wa Rabi'u mai caji, da la'asar ya kwaso ya mayar wa masu su.

Masu caji sun yi yawa a kasuwar, kowa da ɗan janaretansa yana hayaƙi, amma Rabi'u ya fi su jama'a saboda abu guda: yana ba da gyara. Yadda mai gero ke ƙara maka dintsi bayan ta cika mudu, haka shi ma ba ya mayar da waya yadda ta zo. Wannan ya tura mata wa'azi, waccan waƙa, ta mai 'ya'ya kuma wasan yara. Gyara kuwa ba a neman izinin mai saye kafin a zuba, ko a layin masu hatsi. Mutanen tsallake sun saba, har idan wayar mutum ta koma babu sabon abu sai ya aiko a tambayi Rabi'u ko laifi aka yi masa.

Shi kuma Rabi'u Allah ya yi shi da rawar kai a kan sabon abu. A makon nan abokinsa Jacob, mai shagon wayoyi a Yelwa, ya turo masa sabuwar burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Ba ma wadda aka sakar wa jama'a ba ce, ta gwaji ce, irin wadda kamfani ke ba masu zumuɗi su ɗanɗana kafin ta fito. Tun da ya sa ta a wayarsa bai bar kowa ya huta ba. Tana karanta shafi da baki, da Hausa, ko da rubutun Turanci ne, da muryar wata mata mai magana a tsanake kamar mai karanta labaran rediyo. Kana yi mata magana ta nemo maka abin da ka ce. Sannan ga shara: duk shafukan da ka buɗe ka daɗe ba ka leƙa ba, da kanta take kwashe su. Tulin da Rabi'u ya tara tun bara, yana buɗe ta ya tarar babu, wayar ta yi sakayau.

Da safen nan, yana jera wayoyi a kan katako, ya danna ya aika wa Jacob saƙon murya.

"Oga Jacob, wagga aba ta yi! Batir kam tana sha, kuma waya na ɗaukar zahi in ta daɗe tana karatu. Amma sharar nan, wallahi ko matata ba ta kai ta ba."

Ya yi dariyar maganarsa shi kaɗai, ya ci gaba da zazzage jakar Dudu. Can ƙasa ya ciro wata baƙar waya mai tsagaggen gilashi, an ɗaure ta da koren zaren koma, ragar kamun kifi. Dariyar ta tsaya.

Wayar Bilyaminu ce. Tare suka yi makarantar firamare, tare suke zama a bencin rumfar cajin nan su yi ta musun ƙwallo har a kira salla. Shekarun baya, wata ranar kasuwa irin wannan, Bilyaminu ya ajiye wayar a caji ya ce zai raka wasu kaya tsallake ya dawo. Jirgin ya cika fiye da kima, ya daki kututturen da ke ƙarƙashin ruwa, ya kife. An ciro mutane da yawa, an yi musu sutura. Shi ba a gan shi ba. Mahaifiyarsa, Inna Uwani, ba ta da kabarin da za ta ce ga inda ɗanta yake kwance.

Bayan an share makoki ta zo da kanta ta karɓi wayar. Ba ta iya karatu ba, amma ta ce wa Rabi'u ya nuna mata abin da yaron nan ke ƙura wa ido kullum har tuwonsa ya huce. Bilyaminu ba mai ɗaukar hoto ba ne, ba a sami komai a can ba. Sai Rabi'u ya buɗe burauza, ya nuna mata shafukan da ya bari a buɗe, jere kamar katunan wasa, kowane da ɗan hotonsa: wani jan injin jirgi, 'yan ƙwallo cikin fararen riguna, takalmi, kwanon rufin ɗaki, wata makaranta mai shuɗin ƙofa. Ya koya mata inda za ta taɓa, da yadda za ta ja yatsa su riƙa wucewa. Tun daga ranar, in ji Baba Dudu, kullum ta idar da sallar asuba sai ta kunna wayar ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta kashe, ta mayar ƙarƙashin matashi. Ba ta kiran kowa da ita. Wannan ne kawai dalilin da wayar ke hawa jirgi duk mako.

Ita kaɗai ce wayar da Rabi'u bai taɓa yi wa gyara ba, kuma abin ya daɗe yana damunsa. Me za ka tura wa tsohuwar da ta rasa ɗa? Yau kuwa, yana riƙe da ita, sai dabara ta faɗo masa, har ya ji daɗi ya cika masa ciki. Shekara da shekaru Inna tana kallon hoto ba ta san me rubutun ke cewa ba. Ga mai karatu ta zo, da Hausa. Ranar da ta shigo kasuwa sai ya zaunar da ita a benci, ga sabis, ta ji da kunnenta abin da ɗanta ke karantawa. Ya ma hango yadda za ta sa masa albarka.

Bai tsaya wani tunani ba. Ya haɗa wayar da tasa, ya tura sabuwar burauzar ta hau kan tsohuwar, ya juya ya sallami wani mai neman caja. Da ya dawo ya buɗe, fuskar wayar fari fat. A ƙasa an rubuta cewa an share shafukan da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya ja yatsa hagu, ya ja dama, babu komai. Nan take ya tuna abin da ya manta, kuma da bakinsa ya faɗe shi ranar da yake koya mata: "Inna, ki dai duba daga waje, kar ki danna ciki. Can gida babu sabis, in kin danna hoton ɓacewa za shi yi." Ta kuwa riƙe maganarsa. Tana kallonsu kullum, amma ko ɗaya ba ta taɓa buɗewa ba. A wurin sabuwar burauza, duk shara ne.

Ya shiga inda ake ajiye tarihin abin da aka buɗe, ya tarar tuni lokaci ya cinye na Bilyaminu. Ya duba nan, ya duba can, zufa na ɗiga a kan gilashin. Ya kira Jacob.

"Shahukan da ta share, ba wajen maido su?"

"A ta gwajin nan? Babu," in ji Jacob. "Mutane suna ta ƙorafi a kai, an ce wataƙila su sa kafin ta fito. Kai, wai a wayar wa ka sa? Ban ce maka ta gwaji a wayarka kaɗai ake sawa ba?"

"In na cire ta na maida tsohuwar hwa?"

"Tsohuwar za ta dawo, amma wayam. Rabi'u, lafiya? Wayar wa ce?"

Rabi'u ya kashe kiran.

Kasuwa ta ci gaba da cinta. Masu karɓar waya suna zuwa, yana miƙa musu kamar wanda ba ya cikin hayyacinsa, har ya ba wani wayar da ba tasa ba sai da aka dawo da ita ana faɗa. Da azahar ya zauna ya ce bari ya sake gina su. Ya nemo jan injin jirgi, ya samu, amma ba wancan ba ne. Ya nemo 'yan ƙwallon, yanzu wasu yara ne da Bilyaminu bai taɓa sani ba. Makarantar mai shuɗin ƙofa kuwa ko sunanta bai riƙe ba, bai kuma san wanne ke bin wanne a jeren ba. Ya dubi abin da ya haɗa, kunya ta kama shi. Wannan zaɓinsa ne shi Rabi'u, ba hannun Bilyaminu a ciki, kuma tsohuwar da ke bin su kowace safiya zai ba ta su ya ce ga ɗanki. Ya rufe su ɗaya bayan ɗaya.

Da la'asar Baba Dudu ya zo da jakarsa. Rabi'u ya zuba sauran wayoyin, ya riƙe mai koren zare a hannu.

"Sa ta mana, rana na tahiya," in ji Dudu.

"Baba, da ni za a ƙetara. Wagga ni za ni kai ta."

Dudu ya dube shi, ya dubi wayar. Bai tambaya ba, ya ce dai ya yi sauri.

Rabi'u ya kashe janareta ya bar wa maƙwabcinsa rumfa. A jirgi ya takure tsakanin buhunan gishiri, yana ta shirya maganar da zai faɗa. Ya ce a ransa zai ɗora wa kamfani laifin, ai su suka yi abin. Sai ya tuna kamfani bai san Inna Uwani ba, shi ya san ta. Da suka zo tsakiyar ruwa, inda kawunan matattun itatuwa ke leƙowa, fasinjoji suka rage hira kamar yadda suka saba. Shi ya sunkuyar da kai har suka wuce.

Sun tarar da Inna Uwani a ƙofar ɗakinta tana juya kifi a kan ragar banda, hayaƙi na shiga mata ido. Da ta gan shi ta washe baki.

"A'a, Rabi'u! Yau kai da kanka? Lahiya dai? Ina mutanen gida?"

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta shiga zaɓar masa kifi mai kyau. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Duk maganar da ya shirya a jirgi ta gudu, sai ya faɗe ta yadda take.

"Inna, ɓarna niy yi. Na so in yi miki gyara, in sa miki abin da za shi karanta miki shahukan Bilyaminu ki ji. Da nis sa, sai ya share su. Duka. Na nema, na kira wanda yaf fi ni sani, ba su dawowa."

Ta tsaya da kifin a hannu. "Mi kac ce?"

"Sun tahi, Inna. Laihina ne."

Ta ajiye kifin, ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar. Ba ta yarda ba tukuna, ya gani a fuskarta. Ta kunna, ta taɓa inda ya koya mata, ta ja yatsa kamar kullum. Fari. Ta sake ja, a hankali, sannan da ƙarfi. Yatsanta ya sauka a kan wata 'yar alama da ba ta san da ita ba, sai muryar matar nan ta fito, a tsanake, da ladabi.

"Babu shafin da ke buɗe. Me kake nema?"

Inna ta zabura, ta dubi Rabi'u, ta dubi Baba Dudu da ke tsaye a bakin danga. Ta kawo wayar kusa da bakinta.

"Bilyaminu," ta ce.

"Ban gane ba. Sake faɗa."

"Bilyaminu. Ɗana."

"Ban gane ba. Sake faɗa."

Rabi'u ya ji hawaye na bin fuskarsa, bai share ba. Ya so ta zage shi, ko ta jefe shi da wayar, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta zauna a bakin tabarmar ta daɗe tana kallon farin gilashin, kifi na ƙonewa a bayanta har Dudu ya shigo ya janye itacen.

Can ta sa farce ta fara kwance koren zaren. Bilyaminu ne ya yanko shi daga komarsa ya ɗaura da hannunsa, ƙullin masunta, ya daɗe bai motsa ba, sai da ta haɗa da haƙori. Ta naɗe shi a yatsanta na hagu, ta dubi Dudu.

"Malam Dudu, kasuwa mai zuwa ba sai ka biyo ta nan ba."

Sannan ta miƙo wa Rabi'u wayar.

"Tahi da ita, ɗana. Babu kowa ciki."

Ya karɓa da hannu biyu. Ta tashi ta ƙulle masa kifin da ta zaɓa a leda, ta ƙara masa guda a kai.