Ƙanzo a Injin Orval

Shekara uku ke nan waya ba ta rabuwa da aljihun Marlys, ko banɗaki za ta shiga. Mahaifinta, Orval Tollefson, yana cikin jerin masu jiran dashen ƙoda, kuma likitocin asibitin birnin Fargo sun gaya musu ƙiri-ƙiri: ranar da aka kira, awa shida gare su su iso, in sun wuce haka a bai wa na gaba. Daga gonarsu zuwa can mil ɗari biyu da tamanin ne.

Ga shi motarta ta yi karo da barewa tun watan jiya, tana can kwance ana jiran kayan gyara. Abin da ya rage a gidan shi ne a-kori-kurar tsohon.

Ita fa motar nan, ba a taɓa ta a gaban Orval. Shekararta goma sha shida, amma iyakar tafiyarta gidan waya da shagon kofi, mil biyu, ta dawo. "Sabuwa ce fil," in ji shi, "ko wahala ba ta sani ba." Marlys dai hankalinta bai kwanta ba, ta lallaɓa shi suka kai ta garejin Wendell, abokinsa tun suna firamare.

Wendell ya buɗe murfin baƙin mai, ya haska fitila ciki. Sannan ya sa yatsa ya kankaro, ya nuna musu. Wani abu ne ja-ja-baƙi, ya daskare kamar ƙanzon tukunya.

"Ka ga sabuwar taka," in ji shi. "Injin da bai taɓa yin zafi sosai ba, haka yake tara dauɗa. Kai kana lallaɓa ta, ashe kashe ta kake yi."

Orval ya ce, "Kai dai ka iya tsorata mutane, tsohon banza. A zuba man zamanin nan, sintetik, mu tafi."

"Shi ya dace da sanyin nan, ban musa ba. Amma ka bar mini ita kwana biyu in kwance ƙasan injin, in wanke rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Kuma don Allah kada ka zuba maganin wanke injin nan na gwangwani. Ƙanzon nan in ya ɓanɓaro gaba ɗaya, rariyar zai toshe, injin ya bushe kana cikin gudu."

"Kwana biyu? In aka kira fa?"

Nan Marlys ta bar shi ya koma gida da motar ba gyara, don ita ma abin da ke ranta ke nan. Barin nan kuwa har yau tana jin haushinsa.

Ranar Lahadi ta dawo daga coci ta tarar da shi a rumfa, hannu baƙi ƙirin, yana haki, ga galan ɗin sintetik babu kome ciki. A kwandon shara ta hango gwangwani biyu na maganin da aka hana shi.

"Haba Baba!"

"Ke, tun ba a haife ki ba nake juyen mai. Saurara ki ji yadda take kiɗa."

Gaskiya kam, injin na tafiya sumul.

Laraba da hantsi waya ta yi ƙara. Marlys ta ji muryar wata mata daga asibitin tana cewa an samu ƙoda. Cikin minti goma ta ɗauko jakar da ta shekara uku a bakin ƙofa, ta zaunar da tsohon, ta lulluɓa masa bargo, suka hau titi. Tana tuƙi tana share hawayen murna.

Hanya ta miƙe sambal, dama da hagu gonakin alkama ne da dusar ƙanƙara ta binne, ba gida, ba mota. Orval yana ta lissafa abin da zai fara ci bayan aiki: naman alade mai gishiri, da soyayyen dankali cike da faranti. Sun ci mil saba'in lokacin da ta fara jin wani ɗan sauti, ƙas-ƙas-ƙas, can ƙarƙashin bonet. Ta kashe rediyo.

"Baba, ka ji?"

"Sanyi ne."

Ya faɗa da sauri, bai kuma dube ta ba. Abin da ya tsinka mata zuciya ke nan. Ta kai ido kan agogunan gaban sitiyari: zafi daidai, fetur cike, babu fitilar da ta kama. Har ta fara sauke ajiyar zuciya, sai rana ta haska gilashin, ta ga wani ɗan abu manne a kusurwar hagu. Baƙin salatif ne, an yanka shi tsaf, an liƙa.

Ta sa farce ta ɓanɓare. A ƙarƙashinsa fitilar baƙin mai ce, ja wur, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Tun yaushe?"

Ya kau da kai wajen taga.

"Baba, na ce tun yaushe!"

"Tun Lahadi take ɗan ƙiftawa," ya ce a hankali. "Na san in kin gani za ki kai wa Wendell, ya riƙe ta kwana biyu. Tsoro na ji, Marlys. Tsoro na ji kada a kira ba mu da mota."

Sautin ya koma gwaf-gwaf, har tana jin sa a tafin ƙafarta. Ta zaro waya, babu sabis ko layi ɗaya. Allon gefen hanya ya ce gari na gaba saura mil arba'in da ɗaya. Ta sassauta totur tana roƙon motar, tana shafa sitiyari kamar mai lallashin doki.

Injin ya yi wata ƙara guda, ya ɗauke. Motar ta ci gaba da gangarawa ita kaɗai, ba abin da ake ji sai tayu a kan kwalta, har ta tsaya. Iska ta fara kaɗa ƙanƙara tana ratsa titi.

Orval ya ɗauki guntun salatif ɗin daga kan kujera yana juya shi a yatsunsa.

"Na gaba a jerin," ya ce, "kin san ko yaro ne?"