Fitilar Hagu

Fitilar hagu ta motar Falaniko sama take kallo. Tun ranar da a-kori-kurar ta faɗa rami a hanyar birnin Apiya, shi da matarsa Mataniu suna ciki, ta daina haska kwalta ta koma haska 'ya'yan kwakwa. A garinmu kuwa gidaje ba su da bango, ginshiƙai ne kawai da rufi, kuma hanya tana yin kwana daidai ƙofar gidan mai gari. Kullum da almuru, in Falaniko ya dawo daga kai gwaza kasuwa, sai hasken ya faɗa tsakiyar gidan, ya kashe wa mai gari ido yana tsaka da addu'a da iyalinsa.

Da Mataniu ta rasu an yi masa kara saboda makoki. Kara ta ƙare, dattawa suka kira shi.

"Aure ne ya kawo ka garin nan," in ji mai magana da yawunsu, "wadda ta kawo ka kuma tana kwance a kabarinta a ƙofar gida. In hasken nan ya sake shiga gidan mai gari, ka tattara ka koma garinku. 'Ya'yan namu ne, a nan za su zauna."

Maganar ta yi tsauri, gaskiya. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji.

Abin da bai iya faɗa musu ba shi ne zancen surukarsa, Fuatino. Gidanta, inda yake zaune da 'ya'yansa, na kan tudu a bayan na mai gari, kuma tun mutuwar 'yarta hankalinta ya rikice. Ba ta taɓa abincin yamma sai hasken nan ya ratsa cikin rufinta. Sannan ta ce, "Yauwa, Mataniu ta dawo," ta ci, ta kwanta, ba ta ko tambayar inda take.

Washegari ya kai motar wajen Malaki bakanike. Malaki ya ɗaga bonet, ya kama sukurun da ake saita fitila da shi ya murza. Ya yi ta juyawa, fitila ko gezau.

"Kai, mutumina, wannan ai ya daɗe da mutuwa! Gishirin teku ya cinye haƙoransa tas. Me kake nema a sama ne, jemagu kake farauta?"

"Ba ranar wasa ba ce, Malaki. Za ta gyaru?"

"Sabuwa sai an sa a jirgin ruwa, kafin ta iso an daɗe da korar ka. Cire silifarka."

"Silifata?"

"To, tawa kake so in yanka?"

Malaki ya yanko ɗan guntu daga dunduniyar silifar, ya sassauta notocin fitilar. Suka juya motar ta fuskanci bangon garejin, inda inuwa take. Fitilar dama ta tsaya daidai ƙugu, ta hagu tana can kusa da rufin kwano. Ya cusa robar a bayan kan fitilar, yana dannawa a hankali, hasken yana saukowa har ya yi kafaɗa da ɗan'uwansa. Ya ƙara ƙarfin notoci, ya ɗaure da waya.

"Shi ke nan. Ka daina ɓata rai, an ba ka 'ya'yanka a kan guntun takalmi."

Falaniko ya kalli hasken nan biyu a jere, ya tuna da Fuatino.

Ran nan ya sha kwanar, gidan mai gari bai ga komai ba. A gida ya tarar da kwanon kifi da gwaza a rufe gaban Fuatino. Babbar 'yarsa ta yi lallashi har ta gaji. Tsohuwa ta ɗaga kai tana kallon rufi, ta ƙi ko ruwa.

Kashegari da almuru yana tafe a hankali, yana gab da kwanar, sai fitilar ta haska ƙafafu biyu ba takalmi a tsakiyar kwalta. Ya taka birki, kwandunan baya suka zube. Fuatino ce, zaninta ya kusa kwancewa.

Ya diro daga motar. Daga gidan mai gari wani dattijo ya ɗaga murya: "Madalla, Falaniko! Yanzu ka zama ɗan gari."

Tsohuwa ba ta dube shi ba. Ta leƙa kujerar gaba, ta ga ba kowa, ta juya tana kallon hanya.

"Inna, shigo mu je gida. Yara suna jiran ki."

"Ba inda za ni, yaro. Yarinyata ce ta makara, ba ta saba ba." Ta kare idonta da hannu. "Don Allah kashe wannan fitilar taka, kada tata ta taho ban gani ba."

Ya miƙa hannu ta taga ya kashe. Ya dawo ya tsaya kusa da ita, suna fuskantar hanyar Apiya.