Allon da Ke Ƙarƙashin Teburin Obiageli

A kasuwar masu zane da ake ci a Enugu, an ba Muhyiddeen, ɗan limamin wani masallaci a unguwar Asata, tebur kusa da wata mata mai suna Obiageli. Shi zayyana yake yi a kan allo, ita kuma zanen gargajiyar Ibo take yi a jikin ƙyalle. Ran nan shugaban kasuwar zai zagaya ya zaɓi waɗanda za a kai aikinsu babban baje koli, kuma Muhyiddeen ya ƙwallafa rai. Ƙananan allunansa na cika tebur ne kawai. Babban, wanda ya cinye masa damina guda, shi ne abin nunawa.

Kafin azahar sun saba. Ya nuna mata yadda yake dafa tawada da ƙaro, ta nuna masa 'ya'yan itacen da take matse baƙi daga cikinsu. Can idonta ya faɗa kan babban allon, ta dafe ƙirji.

"Mallam, this one fine die!" in ji ta, wato wannan ya yi kyau matuƙa.

"Take am," in ji Muhyiddeen. "Na your own."

Bakinsa ne ya faɗa, haka aka tarbiyyantar da shi. A gidansu in baƙo ya yaba abu, sai a ce ya ɗauka, shi kuma ya ce a'a wallahi, Allah ya bar zumunci, kowa ya tashi da mutuncinsa da kayansa. To, Obiageli ba a gidansu ta tashi ba. Ta yi ta godiya har da ƙwalla, ta naɗe allon a zane, ta tura ƙarƙashin teburinta.

Da la'asar shugaban ya iso, ya tarar Obiageli tana can tana fama da masu saye. Ya jujjuya ƙananan allunan, ya tambayi Muhyiddeen ko akwai wani. Babban allon na nan dab da ƙafar Muhyiddeen, gefen zanen ma yana taɓa takalminsa. Amma ina, ba a karɓar kyauta bayan an bayar.

"Shi ke nan, ranka ya daɗe," ya ce, ya maimaita da Turanci.

Shugaban ya wuce.

Da aka tashi, Obiageli ta karɓi lambarsa, ta ce lallai su yi aiki tare. Shi ya ɗaukar mata allon har bakin titi, ya tsayar mata da keke mai ƙafa uku, ya ce ta kula kada ruwa ya taɓa shi.