Kararar Jiratawa a Kujerar Alhaji

Shekarar da aka fara zaɓe da jam'iyyu barkatai, Idirisa ɗan kabu-kabu na unguwar Zariya ya ƙwallafa rai a kan abu guda: ya zama direban Alhaji Illo, ɗan takarar dapite, wato ɗan majalisa. Alhaji ya ce idan ya gyara masa rumfar miting a ƙauyen Jiratawa ta yi kyau, makullin mota nasa ne.

Idirisa ɗan birni ne, bai san ganye ba sai na miya. Ya gangara bakin gulbi da safar hannunsa ta babur, ya tarar da wata ciyawa mai yaɗo, mai ƙwanso da gashi-gashi kamar karan-miski. Yana cikin tsinka, wata tsohuwa Tsahara da ta fito daga fadama ta ce masa karara ce mai ƙaiƙayi, ko akuya ba ta raɓarta. Ya dube ta sama da ƙasa, ya yanke cewa 'yar adawa ce mai baƙin ciki.

Ya naɗe ginshiƙan rumfa da ita, ya ƙawata hannayen kujerar Alhaji, har sandar mikro, abin magana.

Manoma suka taru, suka ga adon, suka ja da baya suna ƙunshe dariya. Alhaji ya zauna, ya shafa ƙwanson, ya yaba, ya goge gumin wuyansa. Yana tsakiyar alkawarin gyaran famfunan ban-ruwa kafaɗarsa ta fara motsi. Sai wuya, sai hammata. Makaɗin kalangu ya zaci rawa ce, ya bi shi da kiɗa. Mata suka rangaɗa guɗa, Alhaji yana susa yana juyi, babbar riga tana tashi.

Tsahara ce ta kawo wa Alhaji man gyaɗa da toka ya shafa bayan an watse.

Washegari Alhaji ya aika a kira Idirisa. Idirisa ya same shi ba riga, jiki duk ruɗu-ruɗu. An riga an gaya wa Alhaji Jiratawa kaf ba a zancen kowa sai dapiten da ya taka rawa.

"Kai, ɗan nema, akwai sauran ganyen nan?"

"Akwai, ranka ya daɗe."

Alhaji ya jefa masa makullin yana sosa haƙarƙari.

"Jibi abokin karawata yana miting a Tibiri. Ka tafi ka taya su ado."