Inyawarar Gidan Ciɗo

"Illa! Mi kab ba ni in karta?"

Ina tsakar damun fura na ji muryar Baba Ciɗo ta haye katanga. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka a garin Tawa, ban taɓa jin tsohon nan ya ɗaga murya haka ba, ko ranar da akuyata ta cinye masa bagaruwa. Na yar da ludayi, na zaga, hannuna duk tsaki.

Na tarar da shi durƙushe a bayan ɗaki, inda yake jimar fatu tun Nasara suna mulki. Yanar tsufa ta riga ta rufe masa ido fari fat, amma hannunsa bai tsufa ba. Wata fata ce shimfiɗe gabansa. Tun safe yake kartar cikinta, sai yanzu ya birkice ta gashi ya koma sama, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi. Yana shafar gajeriyar wutsiyar.

Illa, ɗansa guda da ya rage, yana tsaye jikin rumbu yana sosa ƙeya.

"Baba, ai na gaya maka, hwatar barewa ta."

"Barewa da hwarce? Barewa da kunne kamar tahin hannu? Inyawara ta, Illa! Ka sa na karci inyawara da hannuna!"

Na matso na duba, ita ce kuwa. Inyawara wata kyanwar daji ce mai dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa, cikin ciyawar fadama take zama tana kamun ɓeraye da zabi. Kowa a unguwa ya san ita ce kan gidan su Ciɗo, wato dabbar da suka gaji girmamawa. Ba su kashe ta, ba su taɓa fatarta. An ce wata shekarar yaƙi ƙishirwa ta kusa kashe kakansu a dutsen Adar, ya bi sawun inyawara har bakin ruwa, nan ya yi mata alkawari da kansa da zuri'arsa. Illa ya san da haka sarai. Ya dai ga babu mai iya gyara fata da gashinta kamar ubansa, ya ce ai makaho ne.

Ana cikin haka sai wani huci ya fito daga akurkin kaji. Tsohon ya karkata kai.

"Mi ne na wancan?"

Illa ya ja da baya. Ni na leƙa. Ƴar inyawara ce, ta ɗan tasa, ta takure a ƙurya, kunnuwa a kwance, tana yi mini haƙora.

"Zaliha, ke ce nan? Gaya mini gaskiya."

"Ɗiyarta ce, Baba," na ce. "Da rai."

Sai da aka matsa masa Illa ya fayyace. Wani maharbi ne ya kama uwar da tarko a fadamar da ke arewa da Barmu. Attahiru, wani dillalin fatu da ya zo daga Damagaram, shi ya aike shi ya amso. Fatar ta wani Nasara ce mai shirin komawa gida, ɗiyar kuma wata madam ce a Yamai ke son ta sa mata sarƙa a wuya tana yawo da ita a tsakar gida. Ka ji aikin banza! Duk kyanwowin da ke Yamai ba su ishe ta ba.

Baba Ciɗo ya dafa bango ya miƙe. Ya wanke hannunsa da toka, ya sake wankewa, har na zaci fatar hannun za ta saɓule.

"Abinci ba shi shiga bakina," ya ce, "sai an mai da ta inda anka ɗauko ta."

Na ɗauka fushin tsufa ne, kafin magariba ya huce. Ashe ban san mutumin ba. Ya shige ɗaki ya kwanta bisa tabarma, ruwa kawai yake kurɓa. Na dama masa fura da nonon da na fi so, ya ce an gode. Na yi kunun tsamiya, ya ce Allah shi yi albarka. Dama tsohon kamar karan dawa yake, kwana kaɗan haƙarƙarinsa suka fito.

Liman ya zo da kansa. Ya zauna bakin ƙofa ya ce wannan al'adar jahiliyya ce, kuma wanda ya kashe kansa da yunwa ya san makomarsa.

"Malam, ban taɓa yi mata sujada ba," in ji Baba Ciɗo. "Salla tawa ba ta wuce ni. Alkawali na, kakana yad ɗauka. A wace sura anka ce a ci alkawali?"

Liman ya gyara rawani, ya yi addu'a, ya tafi.

Na tare Illa a zaure. Wallahi da ɗana ne da na kwaɗa masa muciya.

"Kai wane irin ɗa ne? Ubanka na mutuwa, kana gadin kyanwa!"

"Inna Zaliha, ni ma alkawali niy yi. Attahiru ya ce shina sa ni wakilinshi na Adar duka. Haka za ni ƙare cikin warin jima, ko'ina na zauna mutane su matsa?"

Ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi. Gaskiya ce, tun yana yaro ake toshe masa hanci.

Ranar kasuwar Barmu na leƙa da safe, akurki wayam, Illa ma ba ya nan. Da la'asar ya shigo yana share gumi.

"Baba, na mai da ta. Kamyon ƴan kasuwa niy hau, babbar motar nan. Har bakin hwadama na kai ta, ta shige haki, ciyawar ta ruhe ta."

Na rangaɗa guɗa ban san na yi ba. Na ruga na kawo ƙwaryar fura, muka tallabe shi ya zauna. Ya kai ƙwaryar har leɓe, sai ya tsaya.

"Matso, Illa."

Ya matso. Tsohon ya miƙa hannu ya laluba ƙafarsa, daga yatsu zuwa idon sawu, ya bi bakin wando a hankali, yadda yake bin fata yana neman inda wuƙa ta ci. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Mai zuwa fadama a lokacin nan sai ya nutse cikin baƙar laka, ƙarangiya kuma ta cika masa wando. Ƙafar Illa fes take, sai jan rairayin gari.

Baba Ciɗo ya ajiye ƙwaryar, ko ɗigo bai zubar ba.

"Zaliha, ɗauki hurarki. Ta yi ƙanshi."

Ya kwanta, ya juya fuska bango. Bai zagi Illa ba, kuma da ya zage shi da ya fi sauƙi.

Washegari da hantsi numfashinsa ya sake. Na san irin numfashin nan, na ji shi a bakin mijina. Ina fitowa wata mai sayen fura ta ce mini ta ga ana ɗora kaya a kamyon Attahiru, yau za su Yamai, har da wani akwatin katako mai huci.

Na sami Illa zaune a majema ya haɗa kai da gwiwa.

"Tashi! Kamyo na tashi yanzu, ubanka kuma ba ya kai dare. In ka bari ya tafi da ƙaryarka a kunne, kai da barci har abada."

Ya dube ni, ya zabura, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Na koma na zauna kusa da tsohon ina jiƙa masa leɓe. Ƙudaje sun dame mu. Kowane numfashi sai na ce shi ne na ƙarshe, sai wani ya biyo baya da kyar. Can na ji rurin kamyo daga wajen tasha, ya yi oda, ƙarar ta yi ta nisa har ta ɓace. Na ce a raina shi ke nan, an yi biyu babu. Hawaye suka zubo mini.

Sai ga gudu a zaure. Illa ya faɗo ɗaki, riga a yage, hannuwa duk jini, rungume da buhu yana mutsu-mutsu. Ashe kamyon na tafiya ya ɗare bayansa, ya fasa akwatin, ya diro. Kafin ya yi magana muka ji muryar Attahiru a waje yana kiran ɓarawo, yana cewa ya aika a kira jandarma.

Na ɗauki taɓarya na tsaya ƙofar zaure.

"Attahiru, akwai mai jinya a gidan ga. In kana jin kai namiji ne, ɗaga ƙafa ka shigo."

Ya dubi taɓaryar, ya dube ni, ya koma gindin itacen bedi yana ta sababi. Na sa sakata na dawo.

Illa ya durƙusa, ya buɗe bakin buhun kaɗan, kan ƴar dabbar ya fito. Ya kamo hannun ubansa ya ɗora. Ta yi huci, amma ba ta cije shi ba. Yatsun tsohon suka bi kunne ɗaya har tsininsa, suka koma ɗayan.

"Ita ta," ya ce, muryar kamar iska. "Ta rame. Ɗauke ta ka tahi yanzu. Da hwatar uwar, ka binne ta can."

"Baba, in bar ka haka?"

"In ka tsaya binne ni, su amshe ta. Tahi."

"Baba, ka gahwarta mini."

"Sai ka dawo mu ga ƙahwarka." Har da ɗan murmushi ya faɗe ta. Sannan ya ce, "Zaliha, ina hurar nan?"

Na kawo da sauri. Ya kurɓa, ya haɗiye, ya sake kurɓa. Illa na kallo yana kuka kamar yaro. Na tura shi ta katangata, ya bi ta bayan garkar akuyoyi ya nufi arewa, buhu a kafaɗa, Attahiru na can gaba yana gadin ƙofa.

Baba Ciɗo bai kai azahar ba. Ni na shafe masa ido. Da la'asar maza suka ɗauke shi, ana ta gunaguni, wai ɗa guda gare shi, shi ma bai tsaya ya zuba masa ƙasa ba. Na ji su, na ƙyale. Jandarma ya zo ya tarar da gawa, ya cire hula, ya koma.

Sai ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, Illa ya shigo. Bai tambaye ni komai ba, ya ga tabarmin makoki a zaure. Wandonsa ya yi nauyi da ƙarangiya, baƙar laka ta bushe masa har gwiwa. Ya wuce ɗakin uban, ya zauna ƙasa kusa da tabarmar, ya miƙe ƙafafunsa wajen da hannun tsohon yake sauka.

Da yamma na shigo da tsintsiya. Lakar ta farfashe, ta zuba ɓaro-ɓaro a gefen tabarma. Na tsaya ina kallonta, sannan na jingine tsintsiyar a bango na ja ƙofa.